BABI NA BIYU: TARIHIN MASAUKIN ƊALIBAN ƘASAR GOZAKI A SAMARUN ZARIYA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayani a kan ƙasar Gozaki da mutanenta da sana'o'insu. A wannan babi kuwa za a bi diddigin wata matsala da take jiran duk ɗan wannan yanki da ya sami shiga jami'a, wato matsalar wurin kwana. An zaɓi Samaru ta Zariya domin yin wannan nazari saboda dalilai na tarihi. Gozaki, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Ƙafur, ta fi kusa da Zariya a kan birnin Katsina, haka ma Funtuwa da Ɗanja da Baƙori. Kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba, 1987, wannan yanki da Zariya duk suna cikin jiha ɗaya ne, wato Jihar Kaduna. Bugu da ƙari, ba a sami jami'a ko ɗaya a cikin Jihar Katsina ba sai a shekarar 2005. Ke nan fiye da shekara arba'in Jami'ar Ahmadu Bello ce jami'ar gida ga mutanen kudancin Katsina, kuma hanyar motar da ta taso daga Funtuwa ta gaban babbar ƙofarta take wucewa.

2.1 Masaukin Ɗalibi Kafin Zuwan Turawa

Barin gida domin neman ilimi ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya nuna matsayin garuruwan kudu irin su Gozaki da Maska wajen noma da saƙa da fatauci, da kuma matsayin 'Yandoto wajen malanta. Birnin Katsina ya shahara da malamai irin su Ɗanmarina da Ɗanmasani a ƙarni na 17, birnin Zazzau kuma yana da unguwannin malamai kamar Juma da Kona. Duk waɗannan wurare sun riƙa karɓar baƙin ɗalibai, kuma kowane baƙo sai ya kwana.

Yadda aka warware wannan buƙata a wancan zamani shi ne abin lura. Ɗalibi yakan sauka ne a hannun malaminsa, ya kwana a zaure ko a soro tare da sauran almajirai. Idan babban ɗalibi ne, mai karatun littattafai, malam kan nema masa ɗaki a gidan wani maƙwabci ko attajiri, wanda yake ɗaukar saukar da mai neman ilimi a matsayin aikin lada. Ba a maganar kuɗin haya. Abin da ɗalibi yake biya da shi shi ne hidima: ya taya noma da damina, ya ɗebo ruwa, ya koya wa yaran gida karatu. Haka nan fatake suna da nasu tsarin na fatoma, wato mai masaukin da yake ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya kuma tsaya masa a wajen ciniki. A cikin waɗannan tsare-tsare biyu akwai abu guda da ya haɗa su, shi ne baƙo yana da mai tsaya masa, wanda za a tuhuma idan wani abu ya same shi ko ya yi wani laifi. Za a ga amfanin wannan batu nan gaba.

Gina gida musamman domin ɗalibai shi ma yana da asali a tarihin wannan sashe na Afirka, ko da yake a ƙasar waje aka yi shi. A tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem sun kashe dukiya wajen kafa makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira, inda ɗalibansu da alhazansu suke sauka, daga baya kuma Barebari suka sami nasu sashen kwana a Azhar.

2.2 Tsarin da Turawa Suka Kawo

Makarantar kwana irin ta boko ta kafu sosai a Arewa ne da buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. An raba ɗalibanta gida-gida, daga ciki akwai Illela da Hankaka, kowane gida da shugabansa. A nan ne Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, sa'annan Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Abin da wannan tsari ya dasa a zukatan iyaye shi ne, idan hukuma ta ɗauki yaro zuwa makaranta, to, cinsa da kwanansa da tarbiyyarsa duk sun koma wuyanta.

Da aka zo kafa jami'o'i sai aka ɗora a kan wannan tunani. Kwamitin Asquith da gwamnatin Ingila ta naɗa ya ba da shawara a 1945 cewa jami'o'in ƙasashen da take mulka su zama na kwana, kamar yadda ake yi a Oxford da Cambridge. A kan haka aka gina Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948. Wannan ne kuma ya sa aka riƙa kafa manyan makarantu a bayan gari, a fili mai faɗi, domin an ɗauka cewa malami da ɗalibi duk a ciki za su zauna, ba su da wata buƙata da gari.

Samaru misali ce ta wannan. Tana da nisan kimanin kilomita 15 daga birnin Zazzau. Turawa sun fara kafa tashar binciken aikin gona a wurin a farkon shekarun 1920, a ƙarshen waɗannan shekaru kuma layin dogo da ya nufi Funtuwa da Gusau da Ƙauran Namoda ya ratsa ta wurin. A cikin shekarun 1950 aka gina reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda gine-ginenta ne suka zama harsashin jami'a. Garin Samaru kansa ya bunƙasa ne a matsayin mazaunin leburori da masinjoji da masu dafa abinci da ƙananan ma'aikatan waɗannan wurare. Ba a tsara shi domin ɗalibai ba, kuma a ganin mai wannan bincike yawancin matsalolin da suka biyo baya daga nan suka samo tushe.

2.3 Shekarun Wadata, 1962 zuwa 1978

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a ranar 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426, a ƙarƙashin shugabancin Norman Alexander. A wannan lokaci maganar neman masauki ba ta taso ba. Ana ba ɗalibi ɗaki, ana yi masa wanki, yana cin abinci sau uku a ɗakin cin abinci, gwamnatin Jihar Arewa kuma tana biya wa mafi yawansu kuɗin. Ɗan talakan da ya fito daga ƙauye bai buƙatar sanin kowa a Zariya. Takardar ɗaukarsa ita ce mai masaukinsa.

Sunayen ɗakunan kwanan kansu suna ba da tarihin yadda aka riƙa ƙara su. Akwai Alexander, mai sunan shugaban farko. Akwai Ribadu, mai sunan Ministan Tsaro Muhammadu Ribadu wanda ya rasu a 1965. Akwai Akenzua, mai sunan Sarkin Bini wanda ya riƙe muƙamin uban jami'ar. Akwai Amina, na mata. Akwai Ɗanfodiyo da Sulaiman. ICSA kuwa sunan hukumar da ta kula da kadarorin haɗin gwiwa na jihohin Arewa shida ne bayan an raba jihohi a 1967, Ramat kuma sunan Janar Murtala ne wanda aka kashe a 1976. A harabar Kongo, inda Cibiyar Koyon Aikin Mulki take, akwai irin su Ali Aƙilu da Tafawa Ɓalewa.

Sai dai yawan ɗalibai ya fi gini sauri. A zamanin Ishaya Audu, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1966 zuwa 1975, an buɗe makarantar share fagen shiga jami'a domin a ƙara yawan 'yan Arewa, kuma da jami'ar ta cika shekara goma ɗalibanta sun haura 7,000 idan aka haɗa da masu difloma da masu share fage. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓe jami'ar, a daidai lokacin da take kafa wasu sababbin jami'o'i bakwai. A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ya kai makaranta ƙauyuka da dama na ƙasar Ƙafur da Malumfashi. Yaran da aka ɗauka a wannan shiri su ne suka iso ƙofar jami'a a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da aljihun gwamnati ya riga ya bushe.

Alamar farko ta bayyana a 1978. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanar da ƙarin kuɗin abinci, tare da gyaran kuɗin ɗaki. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, a ƙarƙashin Segun Okeowo, ta yi zanga-zangar neman a cire Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali. A watan Afrilu na wannan shekara aka harbe ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnati kuma ta haramta ƙungiyar. Ƙarin kuɗin abinci ne a ido, amma abin da ake jayayya a kai shi ne ko har yanzu ci da kwanan ɗalibi suna wuyan hukuma.

2.4 Yadda Ɗalibai Suka Fita Cikin Gari

Amsar wannan tambaya ta fito a fili a shekarun 1980. Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin soja ta janye tallafin abincin ɗalibai a 1984, sa'annan aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986. Gina sababbin ɗakunan kwana ya kusa tsayawa cik. Wani abin mamaki shi ne, kuɗin gado a jami'o'in tarayya ya tsaya a kan Naira 90 a shekara har zuwa cikin shekarun 2000, alhali darajar Naira ta zube ƙwarai. A zahiri wannan rangwame ne ga ɗalibi, amma ya haifar da illa biyu. Jami'a ba ta samun abin da za ta gyara famfo ko masai, kuma gadon da ake biya wa Naira 90 ya zama haja mai tsada, har wanda ya samu yakan sayar wa wanda bai samu ba a kan ninkin-ba-ninkin, duk da cewa doka ta hana.

Daga nan ne al'adar da ɗalibai suke kira sikwatin ta yi ƙarfi, wato wanda bai sami gado ba ya raɓa da wanda ya samu. Ɗakin da aka gina domin mutum biyu sai hukuma ta sa huɗu, kowane kuma ya jawo ɗan garinsu, a shimfiɗa katifu a ƙasa da dare a jingine su da safe. Da yake an daina dafa abinci a ɗakin cin abinci, risho da tukunya suka shigo ɗakin kwana. Idan aka duba da kyau za a ga cewa wannan raɓawa tsohon tsarin zaure ne ya dawo cikin sabon gini. Sabon ɗalibi daga Gozaki ko Ɗanja yakan taho da sunan wani yayansa a karatu, ya ajiye akwatinsa a wurinsa, shi kuma ya yi masa jagora wajen rajista. Ƙungiyoyin ɗalibai na jiha da na ƙananan hukumomi su ma a kan wannan aiki suka fi amfani.

Rikicin 1986 ya nuna yadda ɗakin kwana ya zama wurin gwada ƙarfi tsakanin ɗalibai da hukuma. A watan Afrilu ɗalibai sun yi jerin gwanon tunawa da waɗanda aka kashe a 1978, jerin gwanon kuma ya ratsa ta cikin Amina, inda doka ta hana maza shiga. Hukumar jami'a, a ƙarƙashin Ango Abdullahi, ta hukunta shugabannin ɗalibai, ɗalibai suka ƙi amincewa, aka kira 'yan sanda. A ranar 23 ga Mayu aka yi harbi a cikin harabar jami'a, gwamnati ta amsa cewa mutum huɗu sun mutu, aka rufe jami'ar. Duk lokacin da aka yi irin wannan rufewa akan ba ɗalibai 'yan sa'o'i su kwashe kayansu su fita. A nan ɗan Funtuwa ko Ƙafur ya fi ɗan Gongola ko Binuwai sauƙi, domin shi mota ɗaya ko biyu za ta kai shi gida kafin dare.

Waɗanda ba su sami gado ba, ba su kuma sami wurin raɓawa ba, sai suka tsallaka titi. Ma'aikatan jami'a da suka yi ritaya da 'yan kasuwar Samaru suka ga kasuwa ta buɗe, suka riƙa ƙara ɗakuna a gidajensu, jere biyu suna kallon juna, da masai ɗaya da wurin wanka ɗaya a ƙarshen gida. Da Samaru ta cika sai haya ta bazu zuwa Hayin Dogo, wadda sunanta ma ya nuna tana hayin layin jirgi ne, da Ɗanraka da Layin Zomo da tsohon ƙauyen Bomo, ta kuma miƙa ta wajen Palladan da Zango da Hanwa har Kwangila. Ruwa ya zama babban abin da yake raba ciki da waje. Jami'a tana da madatsar ruwanta a kan rafin Kubanni, mazaunin gari kuwa ya dogara da rijiya da 'yan ga-ruwa, kuma rijiyoyin sukan janye da bazara. Saboda haka kuɗin ɗaki ya danganta da nisansa da ƙofar jami'a da kuma ko akwai rijiya a gidan.

A wannan sabon tsari dillali ya maye gurbin fatoma, amma da bambanci mai girma. Fatoma yana tsaya wa baƙonsa har ya bar gari. Dillali kuwa da ya karɓi la'adarsa ya gama. Mai gida yana neman kuɗin shekara ɗaya dunƙule, sau da yawa ba tare da wata takardar yarjejeniya ba, wasu kuma ba sa ba gwauro haya a gidan da iyalinsu suke.

Wannan matsala ta fi tsanani ga mata. A ƙauyukan wannan yanki uba kan yarda 'yarsa ta tafi jami'a idan ya tabbata a Amina ko wani ɗakin mata za ta zauna, inda akwai mai gadi da lokacin rufe ƙofa. Idan aka ce haya za ta kama a cikin gari ita kaɗai, magana ta canja, sai fa in akwai gidan ɗan'uwa ko na aminin uba da za a damƙa ta. Ke nan rashin gado yana iya zama dalilin ajiye karatu gaba ɗaya, ko a haƙura da kwalejin da ta fi kusa da gida.

2.5 Kuɗin Haya da Kalandar Manomi

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ya keɓanta ga yankin Funtuwa da Malumfashi, shi ne alaƙar kuɗin haya da lokacin kaka. Wannan yanki ƙasar auduga ce tun kafin Turawa, zuwan jirgin ƙasa da injinan gurzar auduga suka ƙara mata ƙarfi. Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, ya yaɗa takin zamani da noman masara, har masara ta zama abin sayarwa. Mafi yawan iyayen ɗaliban Gozaki da wannan noma suke biyan kuɗin karatu, kuma manomi ba ya riƙe da tsabar kuɗi sai ya girbe.

A da shekarar karatu tana farawa ne a watan Oktoba, lokacin da masara ta shigo gida, auduga kuma tana dab da isa kasuwa. Wannan dacewa ta taimaki ɗan manomi ba tare da wani ya tsara ta ba. Rufe jami'o'i da yajin aikin malamai, irin na 1992 da 1996, suka birkita kalandar, har ya zama ana iya kiran ɗalibai rajista a watan Yuni ko Yuli. A wannan lokaci rumbu ya yi ƙasa, kuɗin da ke hannu ya tafi wajen taki da 'yan ƙwadago. Mai gidan haya a Samaru ba ruwansa da wannan lissafi. Abin da uba yakan yi shi ne ya sayar da tunkiya ko ɗan maraƙi, ko ya ci bashin da zai biya da buhun masara da kaka a kan farashi mai rauni, ko a jinginar da gona. Ta wannan hanya kuɗin noman kudancin Katsina ya shiga cikin ginin gidajen Samaru.

Yajin aiki yana da wata illar kuma. Kuɗin gado na jami'a na zangon karatu ne, kuɗin haya kuwa na watanni goma sha biyu ne, ko an yi karatu ko ba a yi ba. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ɗalibin da ya biya haya a farkon wannan shekara ya dawo ya tarar saura 'yan watanni kuɗinsa ya ƙare, alhali ɗakin a kulle ya wuni ya kwana wata takwas, shi kuma yana gida yana taya noma.

2.6 Daga 2000 Zuwa Yau

A farkon shekarun 2000 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar share fage a Funtuwa, wadda ta kawo wa ɗaliban wannan yanki matakin farko na jami'a har ƙofar gida, ta kuma buɗe kasuwar haya a Funtuwa kanta. Bayanta aka sami Jami'ar Al-Qalam a 2005, da jami'ar jiha wadda aka kafa a 2006 kuma take ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma a 2011. Wannan ya rage dogaro da Zariya, amma bai kawar da matsalar ba, ya dai rarraba ta. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta naɗa a ƙarƙashin Mahmood Yakubu domin duba buƙatun jami'o'i ya gano a 2012 cewa gadajen da ke akwai a jami'o'in gwamnati ba su wuce na kimanin kashi goma cikin ɗari na ɗalibai ba. Gwamnati ta koma kiran 'yan kasuwa da masu hannu da shuni su gina. A 2019 Gidauniyar Aliko Ɗangote ta miƙa wa Jami'ar Ahmadu Bello rukunin gidaje goma masu gadaje 2,160. Gudummawa ce babba, kuma ta ninka yawan ɗaliban 1962 sau biyar, sai dai jami'ar da aka ba tana da ɗalibai dubun-dubata.

Sabon abin da ya shigo cikin lissafi shi ne tsaro. A ranar 22 ga Satumba, 2023, 'yan bindiga sun shiga gidajen hayar ɗalibai a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka sace fiye da mutum ashirin, yawancinsu mata. Ba a yi mako biyu ba, a farkon Oktoba, aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma daga gidan da suke haya a cikin gari. A duka wuraren biyu ɗaliban suna zaune ne a wajen katangar makaranta, inda masu gadin jami'a ba su da iko, mai gida kuma bai ɗauki alkawarin tsaron kowa ba. Ɗakin da ya fi araha shi ne na bakin gari, kusa da daji, kuma shi ne wanda kuɗin ɗan manomi ya fi iya kaiwa gare shi.